Daga Takarda Zuwa Silima: Amanar Da Ke Wuyan Masu Fim Ɗin Superman Da Takwarorinsa

A ƙarshen fim ɗin Man of Steel na shekarar 2013, Superman ya karya wuyan abokin gabarsa, Janar Zod, domin ya ceci wasu iyali da Zod ke ƙoƙarin ƙonewa da wutar idanunsa. Bayan shekara 12, a fim ɗin Superman da ya fito a watan Yulin 2025, an ga wannan sadauki yana tsakiyar gumurzu da wani ƙaton dodo, amma ya karkata ya ɗauke kurege daga inda za a tattake shi. Kamfani ɗaya ne, wato Warner Bros., ya fitar da finafinan biyu, sadaukin kuma ɗaya ne. Duk da haka masu kallo sun fito daga gidajen silima suna jayayya a kan wanne ne Superman na gaskiya.

Jayayyar tana da nauyi fiye da yadda take a ido. Finafinan da aka ciro daga mujallun labarai masu zane suna cikin ginshiƙan kasuwar Hollywood tun farkon wannan ƙarni. Avengers: Endgame kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8 a 2019. A nan gida, an yi bikin nuna Black Panther: Wakanda Forever a Legas a watan Nuwamban 2022, kuma fim ɗin ya haura Naira biliyan 1 a silimomin Najeriya da maƙwabtanta. Duk lokacin da irin wannan fim ya fito, zargin farko da ake yi wa darakta shi ne ya ci amanar asalin labarin. Sai dai wanda ya bibiyi tarihin waɗannan sadaukai zai tarar amanar hawa-hawa ce: akwai ta kamanni, akwai ta hali, akwai kuma ta mutanen da suka ƙirƙiro su. An fi yin surutu a kan ta farko, amma ta ƙarshen aka fi ci.

Asalin wace shekara?

Superman ya fara bayyana ne a fitowa ta farko ta mujallar Action Comics, mai ɗauke da watan Yunin 1938. Samari biyu mazauna birnin Cleveland na jihar Ohio ne suka ƙirƙiro shi: Jerry Siegel yana rubutu, Joe Shuster yana zane. Wanda ya buɗe wannan mujalla a yau zai sha mamaki. Superman ɗin da ke cikinta tsalle mai nisa yake yi, bai iya tashi sama ba. Jaridar da yake wa aiki da sunan Clark Kent ita ce Daily Star, Daily Planet da aka sani ta zo ne daga baya. Abokan gabarsa kuma mutane ne irin na kullum. Ya kutsa gidan gwamna cikin dare domin a dakatar da kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure, ya ladabtar da wani mai dukan matarsa, ya kuma bi sawun wani dillali da ke sayen ɗan majalisar dattawa a Washington. A fitowa ta uku ya sa wani mai mahaƙar ma'adinai ya ɗanɗana haɗarin da leburorinsa ke shiga kullum. Amurka na fama da matsin tattalin arziki a lokacin, sadaukin kuwa na talakawa ne.

Da yawa daga cikin abubuwan da ake ɗauka tamkar da su aka haife shi, daga wajen mujallar suka shigo. Shirin rediyon da aka fara a 1940 ne ya kawo sunayen edita Perry White da yaron ofis Jimmy Olsen. A rediyon ne kuma jama'a suka fara jin labarin Kryptonite a 1943, dutsen nan da ke karya lagonsa. Tashi sama ya kankama ne a rediyo da finafinan katun na kamfanin Fleischer a farkon shekarun 1940, daga bisani mujallar ta bi sahu. Harafin S da ke ƙirjinsa farkon sunansa ne kawai, sai fim ɗin 1978 ya mayar da shi tambarin zuriyarsu a duniyar Krypton, mujallu kuma suka karɓa.

Haka lamarin yake ga Batman, wanda ya fito a fitowa ta 27 ta Detective Comics a 1939. A labaransa na farko yana riƙe bindiga, yana kuma kashe mutane. Ba a jima ba editoci suka hana shi, har ƙin bindiga ya zama abin da aka san shi da shi. A shekarun 1960 talabijin ya mayar da shi abin raha, a 1986 kuma Frank Miller ya dawo da shi dattijo mai zafin rai a littafin The Dark Knight Returns. Nick Fury, shugaban 'yan leƙen asiri a labaran Marvel, farar fata ne tun 1963. A farkon shekarun 2000 wasu masu zane suka sake shi da siffar ɗan wasa Samuel L. Jackson, a 2008 kuma Jackson ɗin da kansa ya fito a matsayinsa a fim.

Dalilin wannan yawan sauyi a fili yake. Sadaukan mallakar kamfanoni ne, kuma ɗaruruwan marubuta sun yi aiki a kansu wata bayan wata fiye da shekara 80. Labarin kowannensu kamar fayil ne da ya daɗe yana yawo daga tebur zuwa tebur, kowane jami'i yana ƙara nasa sharhin, wani ma yana soke na wanda ya gabace shi. Saboda haka duk mai cewa a bi asali, sai an tambaye shi asalin wace shekara yake nufi. Galibi amsar ita ce shekarar da ya fara karantawa yana yaro.

Riga da hali

Ƙorafin kamanni shi ne ya fi ƙara, kuma shi ya fi saurin gushewa. Da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka sani da finafinan barkwanci, zai fito a matsayin Batman a fim ɗin Tim Burton na 1989, dubban wasiƙun ƙin amincewa suka kwarara zuwa ofishin Warner. Fim ɗin ya fito, ya tara sama da dala miliyan 400, Keaton kuma ya shiga jerin waɗanda ake yabo. Wolverine gajere ne a mujallu, amma Hugh Jackman da ya fara fitowa a matsayinsa a 2000 dogo ne, kuma ba a sa masa rigarsa mai ruwan ɗorawa ba sai a 2024. Masu kallo sun yafe tsawo da riga domin sun ga halin da suka sani: mutum mai saurin fushi, mai gudun jama'a, wanda kuma ba ya iya barin mai rauni a hannun azzalumi.

Inda yafiya ke wuya shi ne a taɓa abin da sadauki ya haramta wa kansa. Richard Donner, daraktan Superman na 1978, ya sauya abubuwa da dama. Ya mayar da Krypton duniyar farin ƙarau mai sanyi, wadda ba ta yi kama da ta mujallu ba. Amma ya riƙe abu ɗaya: Superman ɗin da Christopher Reeve ya fito da shi mutum ne mai ƙarfin da babu mai iya tsayar da shi, wanda kuma yake tsayar da kansa. Yana sauko da kyanwa daga kan bishiya, yana miƙa ɓarawo ga 'yan sanda. Shi ya sa har yau ake auna sauran finafinan da nasa.

Magoya bayan Zack Snyder, daraktan Man of Steel, suna da hujjarsu. A fitowa ta 22 ta mujallar Superman a 1988, marubuci John Byrne ya sa sadaukin ya zartar da hukuncin kisa a kan wani Zod da abokansa biyu, bayan sun hallaka mutanen wata duniya baki ɗaya. Ke nan kisan yana da tushe a takarda. Amma a mujallar, abin ya dame shi har ya yi gudun hijira zuwa sararin samaniya, aka shafe watanni ana bin sakamakonsa. A fim ɗin kuwa ya yi kururuwa ɗaya, sai labari ya wuce, bayan an riga an ruguje gine-ginen birnin Metropolis a wurin faɗan. Marubuta irin su Mark Waid, wanda ya daɗe yana rubuta labaran Superman, sun fito fili sun soki wannan. Abin da aka rasa shi ne nauyin da kisan ke da shi a ran mai kisan.

James Gunn ya bi wata hanya a 2025. Ya dawo da gajeren jan wandon da aka cire, ya shigo da karen nan Krypto da ya fara fitowa a mujallu a 1955, ya kuma ce littafin All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely na cikin abubuwan da ya dogara da su. Amma shi ma ya yi sauyi mai girma: a fim ɗinsa, saƙon da iyayen Superman na Krypton suka bar masa ya ƙunshi umarnin ya mulki mutanen duniya. Wannan ya saɓa wa yadda aka san iyayen shekara da shekaru, wasu masoya kuma sun fusata. Sai dai sauyin ya ƙarfafa halin sadaukin ne, domin ya nuna kirkinsa zaɓinsa ne da tarbiyyar manoman jihar Kansas da suka raine shi. A farkon fim ɗin kuma ya tsoma baki ya hana wata ƙasa mamaye maƙwabciyarta ba tare da izinin gwamnatin Amurka ba, abin da ya fi kusa da Superman na 1938 fiye da yadda da yawa suka lura. Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma a nan ne masu kallo ke kafa ido ko da ba su iya faɗa ba.

Kama da wane ba ta wane

Akwai kuma fim ɗin da ya bi takarda sau da ƙafa amma aka ce bai kama ta ba. Watchmen labari ne mai babi 12 da Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, tsakanin 1986 da 1987. Da Snyder ya mayar da shi fim a 2009, ya riƙa kwaikwayon zanen Gibbons hoto bayan hoto, ya kuma ɗauko maganganu da dama yadda suke. Babban sauyin da ya yi a ƙarshe ne, inda ya cire ƙaton dodon da aka ƙera domin tsorata duniya, ya ɗora laifin a kan ɗaya daga cikin sadaukan.

Duk da wannan biyayya, masu sharhi da dama sun ga an juya manufar littafin. Moore ya so ya nuna cewa mutumin da zai rufe fuska ya fita dukan masu laifi cikin dare yana da matsala a ransa, kuma tashin hankalin da yake yi abin ƙyama ne. Fim ɗin kuwa ya riƙa rage gudun hoto a wurin faɗa, ana karya ƙasusuwa cikin salo, har dukan ya zama abin sha'awa. Ga kuma bambancin da ke tsakanin takarda da allon silima. Mai karatu shi ke da iko da lokaci: yana iya tsayawa a kan hoto ɗaya, ya koma baya shafi biyar ya gwada, ya cike da tunaninsa abin da ya faru tsakanin wannan hoto da na gaba. Moore da Gibbons sun gina littafinsu a kan wannan, da shafuka masu gida tara-tara da takardun ƙarin bayani a ƙarshen babi. Fim kuwa gudu yake da hoto 24 a kowace daƙiƙa, ba ya jiran kowa. Moore ya ƙi yarda a sa sunansa a fim ɗin, ya kuma bar wa Gibbons kasonsa na kuɗi.

Inda asalin ke da tabo

Ga mai kallo ɗan Afirka akwai wata tambaya da masu rajin bin asali ba su cika tsayawa a kanta ba: idan asalin ne ke ɗauke da raini fa? Tintin, ɗan jaridar nan mai ɗan farin kare, ɗan Beljiyam Georges Remi, wanda aka fi sani da Hergé, ya ƙirƙiro shi a 1929. Labarinsa na biyu, wanda aka buga tsakanin 1930 da 1931, a Kongo ya gudana lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Beljiyam, kuma ya zana mutanen ƙasar da manyan leɓɓa, malalata, masu hankalin yara. Hergé da kansa ya yi gyara a bugun 1946, inda ya mayar da darasin da Tintin ke koya wa yaran Kongo a kan Beljiyam zuwa darasin lissafi. A 2007 wani ɗan Kongo ya shigar da ƙara a Brussels yana neman a hana sayar da littafin, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2012.

Da Steven Spielberg ya yi fim ɗin Tintin a 2011, bai kusanci wannan labari ba. Ya haɗa littattafai uku na shekarun 1940 ya fitar da labari ɗaya, har ya mayar da wani mai tara kayan tarihi da ba shi da laifi a littafi ya zama babban mugu. Masoyan Tintin sun yi muhawara a kan wannan, amma zaɓen abin da za a ɗauka da abin da za a bari shi ma hukunci ne a kan asali.

Black Panther ya fi fito da batun fili. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro Sarki T'Challa na ƙasar Wakanda a 1966. A 1969 aka shigo da abokin hamayyarsa M'Baku, wanda ke sanye da fatar farin goggon biri, laƙabinsa kuma yana kwatanta shi da biri. Da Ryan Coogler ya zo yin fim a 2018, shi da masu shirya fim ɗin suka jefar da laƙabin, suka mayar da M'Baku shugaban ƙabilar Jabari mai kishin al'ada, wanda daga ƙarshe ya ceci sarkin. Winston Duke ya fito da shi da karin harshe mai kama da na Inyamurai, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi so a fim ɗin. Dakarun mata na Dora Milaje, waɗanda marubuci Christopher Priest ya kawo a 1998 a matsayin masu gadi kuma matan da ake tanadar wa sarki, fim ya bar musu aikin soja kawai. Masu tsara fim ɗin sun kuma yi amfani da alamomin rubutun Nsibidi na yankin Kuros Riba da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku. Da an bi mujallar 1969 harafi da harafi, da wuya a iya nuna shi a Legas ko Abuja cikin mutunci.

Kura da shan bugu

Amana ta uku ita ce ta masu ƙirƙira. A 1938 Siegel da Shuster suka sayar da labarin farko mai shafi 13, tare da dukkan haƙƙin mallakar Superman, a kan dala 130. Da suka kai ƙara a 1947 suna neman a dawo musu da shi, ba su samu ba, aka kuma cire sunayensu daga mujallar. Shuster ya tsufa idonsa ya kusa mutuwa, Siegel ya koma ƙaramin aikin akawu. Sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim ɗin Reeve, bayan masu zane Neal Adams da Jerry Robinson sun tayar da maganar a kafafen yaɗa labarai, Warner ya amince ya riƙa biyan kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma dawo da sunayensu. A 2012 an yi gwanjon takardar cek ɗin da aka biya su da ita a kan dala 160,000. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na mujallar 1938 ɗin a kan dala miliyan 6.

Bill Finger, wanda ya rubuta labaran Batman na farko, ya kuma ba da gudummawa wajen siffarsa da sunansa Bruce Wayne da birnin Gotham, ya rasu cikin talauci a 1974 alhali sunan Bob Kane kaɗai ake bugawa. Sai a 2015 kamfanin DC ya amince a riƙa ambaton sa. Jack Kirby, wanda hannunsa ke cikin Captain America da Thor da Hulk da X-Men da Black Panther, ya rasu a 1994, iyalansa kuma suka yi ta shari'a da Marvel har aka sasanta a 2014, ana dab da Kotun Ƙolin Amurka ta duba ko za ta saurari ƙarar. Kamfanonin sun dogara ne da cewa aikin haya aka yi musu, wanda ya biya ladan aiki kuma shi ke da abin da aka samar. Masoyan da ke tayar da jijiyar wuya a kan launin riga ba kasafai suke tsayawa su karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim ba.

Abin da ya shafi Najeriya

Najeriya ta fara shiga wannan kasuwa da nata sadaukan. Kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013 yana da Guardian Prime da wasunsa. Labarin Iyanu na Roye Okupe, wanda aka gina a kan al'adu da tatsuniyoyin Yarabawa, ya tashi daga littafin zane ya zama katun mai dogon zango da tashar Cartoon Network ta fara nunawa a watan Afrilun 2025, da muryoyin 'yan wasan Najeriya. Abin lura shi ne Okupe yana cikin masu jagorancin shirin, saboda haka mai labarin yana wurin lokacin da ake yanke shawarar abin da za a sauya. Siegel da Shuster ba su taɓa samun wannan kujera ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadar wa mawallafi haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin ƙin yarda a jirkita aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, ta kuma ce miƙa haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce. Ta kuma tanadi cewa abin da mutum ya ƙirƙira a bakin aikin gwamnati na gwamnati ne, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Amma doka ba ta hana matashi mai buƙatar kuɗin haya ya sa hannu a kan takardar da bai karanta ba, musamman idan yarjejeniyar da kamfanin waje ce da za a yi hukunci da ita a kotun wata ƙasa. A nan ne aikin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da ma'aikatar da ke kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha yake: wayar da kan masu zane tun kafin a kawo musu takarda.

Lokaci kuma na gab da sauya wasan baki ɗaya. A Amurka, haƙƙin mallakar irin waɗannan tsofaffin ayyuka yana ƙarewa ne bayan shekara 95. Labarin Tintin na 1929 ya zama na kowa a can tun ranar 1 ga Janairun 2025, ko da yake a Turai yana nan a kulle. Superman na 1938 zai biyo baya a 2034, Batman kuma a 2035. Daga nan duk mai kyamara zai iya yin fim ɗinsa da sadaukin farko, mai tsalle, mai farautar azzaluman masu kuɗi, ba tare da neman izinin kamfani ba, matuƙar bai taɓa tambarin kasuwanci da abubuwan da aka ƙara daga baya ba. A ranar, babu lauyan kamfani da zai tilasta wa kowa ya rubuta sunan Siegel da Shuster a farkon fim. Wanda ya rubuta, don kansa ya ga ya dace.